Karsanar Matiyas

Tun da aka ɗaure karsana a tsakar gidana unguwa ta samu abin dariya. Kullum da hantsi sai a ga tsoho, ɗan mahauta jikan mahauta, yana turo keke daga bakin Binuwai da damin ciyawa a baya, kuma ba kiwon yanka yake yi ba. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce lallai an bai wa kura ajiyar nama. 'Ya'yana biyu da suka gaji wuƙa kuwa, ina kallon yadda idonsu ke bin cinyarta da ƙirjinta, don idon mahauci ba ya iya ganin dabba bai rarraba ta ba. Na tara su na ce duk wanda ya nufe ta da ƙarfe, ko ina raye ko ba na nan, ban yafe ba. Sun ɗauka rikicin tsufa ne. Ba shi ba ne, kuma gara in faɗi dalili tun bakina yana motsi.

Lokacin da ƙarfi ke jikina na yi aiki a wata masana'antar gurzar auduga a gefen Garwa. Mahaifina bai so ba. Shi a wurinsa ɗan da ya bar mayanka ya tafi jiran albashin wata ya yi asara, kuma ya sha nanata mini cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni kuwa na ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko, na iya gaisuwa da Faransanci, na ga kamar warin jini bai dace da ni ba. Har yau in na rufe ido ina jin jiniyar safe, da ƙarar manyan motoci suna layi a ƙofa sun yi tozo da auduga, da rurin injin da ke shiga mutum ta tafin ƙafa ya fita ta haƙori. Kafin rana ta take, ƙurar auduga ta rufe kowa, gashi da gira da gemu, mu zama farare tas kamar an tsoma mu a gari. A wannan lokacin ba ka gane Bafillace, ba ka gane ɗan kudu, ba ka gane ɗan sarki ko ɗan bawa. Amma da jiniyar rana ta busa, kowa ya je famfo ya wanke fuska, sai asalinsa ya dawo masa, ya nufi inuwarsa.

Inuwa uku ce, kuma ba wanda ya rubuta doka a kai. Fulanin gari da 'ya'yan 'yan kasuwa suna ƙarƙashin darbejiya kusa da wurin salla. Mutanen kudu suna jikin bangon biro, wato ofis, da burodinsu da rogonsu na cikin ganye, suna Faransanci da ƙarfi. 'Yan ƙabilun Masa da Tupuri da Mundang suna can gindin wata tsohuwar tsamiya a bayan rumbun iri. Ni wurina darbejiya ne, tunda sahu ɗaya muke bi, sai dai a bakin tabarma. Akwai wani ɗan Alhaji da ke aiki a biro, Bahaushe ne kamar ni, wataƙila ma ayari ɗaya ya kawo kakanninmu daga ƙasar Kano, nasa da goro da tufafi, nawa da wuƙa. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bangaro, yadda Fulani ke kiran mahauci. Duk ranar da na sa hannu a kwano sai ya tambaya ko na wanke jinin tukuna, a yi dariya, ni ma in yi. Wasa ne, haka ake cewa. Amma wasan da ake yi maka kullum kai kaɗai, ciwo yake zama, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Aikina a injin matse auduga yake, wanda ke mai da ita dila. Mutum biyu ke ɗaure dila, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. In zura waya ta ƙasa, abokin aikina ya cafke ya turo mini ta sama, in ƙulle. In ɗaya ya yi sakaci, ɗayan ne zai rasa yatsa. Wanda aka haɗa ni da shi wani dogon Bamase ne daga Maga, Kirista, sunansa Matiyas, ɗan masunta kuma makiyaya. Saboda ƙarar inji, ba a iya magana a wurin, sai da ido da haɓa da yatsa. Cikin wata biyu mun ƙirƙiro yarenmu. In ya taɓa hanci, shef, wato shugaban aiki, na tafe. In ya shafa ciki ya kalli sama, jiniya ta yi nawa. In ya kumbura kumatu ya ɗaga kafaɗa, to ɗan Alhaji ne ya wuce da takardu a hammata, kuma nakan yi dariya har waya ta nemi suɓuce mini. Mun san juna sarai kafin mu yi wata doguwar hira da baki.

Kifi ne ya fara haɗa mu ci. Wata rana ya tsaya nesa da darbejiya ya miƙo mini ƙunshin busasshen kifin Maga, ya ce da Fillancin kasuwa wannan dai ba ya bukatar yankan kowa. Washegari na kawo masa kilishin gidanmu. Daga nan muka samu wani kututture tsakanin darbejiya da tsamiya, ba inuwar kirki, muka mai da shi wurin cinmu. Matarsa ta ware tukunya guda da ba a dafa komai a ciki sai abin da zan iya ci, ba tare da na roƙa ba. Da azumi yakan zagaya bayan rumbu ya ci abincinsa don kada in gani. Mutanen darbejiya suka ce na koma cin abinci da arna, mutanen tsamiya suka ce masa ya yi hankali, Bahaushe ba ya abota sai da riba. Mu dai muka toshe kunne. Sobajo yake kirana, wato aboki, kuma a duk masana'antar shi kaɗai ne bai taɓa haɗa ni da wuƙa ba.

Ana nan matata ta haifi ɗanmu na fari. Kwana uku da haihuwa, ranar Lahadi da yamma, sai ga Matiyas a ƙofar gida riƙe da igiya. Karsana ce ja mai farin goshi, ya sa an ɗoro ta a motar shinkafa tun daga Maga. Ya miƙa mini igiyar da hannu biyu ya ce, “Sobajo, ga ta. Ta zauna a gidanka.” Sannan ya tsaya yana shafa wuyanta yana ba ni labarinta, cewa uwarta mai nono ce, tana son dussar shinkafa da ɗan gishiri, ba ta son a zo mata ta baya. Ni kuwa da rabin kunne nake saurare. Ina godiya da baki, idona yana lissafin mutum nawa za ta ciyar.

A gidan mahauta, dabbar da aka kawo maka lokacin haihuwa gudummawar suna ce, kuma babbar girmamawa ita ce ka yanka ta, ka ciyar da jama'a da sunan wanda ya kawo, ka kai masa tozo da hanta. Haka na taso na gani. Amma mahaifina, da ya fito ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya duba hantsarta, sai ya juyo wurina. Ya ce da ni, “Wannan ba don wuƙa aka kawo ta ba. Wanda ya tsaya yana gaya maka abin da dabba ke son ci, ba nama ya ba ka ba. Je ka tambaye shi.” Na ce abin kunya ne a yi wa mutum kyauta ya koma yana tambayar yadda zai yi da ita. Wannan ita ce hujjar da na bayar. Gaskiyar kuwa, na riga na gayyaci duk 'yan darbejiya, kuma so nake ɗan Alhaji ya ci naman gidan Bangaro har ya kasa tashi. Ranar suna, bayan an yanka rago, na kayar da ita da hannuna.

Bayan jiniyar tashi ma'aikata suka cika ƙofar gida. An ci, an yaba, ɗan Alhaji har da neman ƙari, kaina ya yi girma. Can sai ga Matiyas da matarsa, shi da buhu a kai. Dussar shinkafa ce ya sayo wa karsana. Yana shigowa zaure idonsa ya faɗa kan fatar da aka shimfiɗa a rana aka kafe da turaku, ja, da farin goshinta. Ni kuma na taho da saurina riƙe da faranti, tozo da hanta an gasa sun yi kyau, ina washe baki. Ya dubi farantin, ya dube ni. Ya sauke buhun a hankali ya jingine shi da bango, ya durƙusa ya gaida mahaifina, ya yi wa jariri fatan alheri, ya juya ya fita. Matarsa ta rufe baki da gefen zane ta bi shi. Buhun nan ya yi wata da watanni a zaure ba wanda ya taɓa shi.

Washegari ya zo aiki kamar kullum. Waya tana zuwa hannuna a kan lokaci, bai taɓa bari na ji rauni ba, amma hanci da ciki da kumatu duk sun daina magana. Da jiniya ta busa ya wuce kututturenmu ya tafi tsamiya. Da farko fushi na yi, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na ce na girmama shi a gaban jama'a, na ambaci sunansa a kan kowane faranti, me kuma yake so? Na koma bakin tabarmar darbejiya, inda naman da aka ci bai sauya komai ba, don kafin mako ya zagayo an ci gaba da tambayata ko na wanke jini. A nan na gane na sayar da abin da nake da shi na sayi iska.

Mai gadin ƙofa ne ya buɗe mini ido, wani tsohon Bafillace da fari ya cinye garkensa, kowa na ce masa Bappa. Ba ya zama a inuwar kowa, yana bakin ƙofa da 'yar ƙwaryarsa, kuma ba abin da ke wuce shi. Ya kira ni wata rana ya ce wuƙata ta fi kaina kaifi. Ya ce a wurin Masa, kamar yadda yake a wurin Fulanin daji, mutum ba ya ba amininsa nama, don nama kwana ɗaya ne. Karsana yake ba shi riƙo. Ka sha nononta, in ta haihu ka aika masa, ya zo ya gani, kai ma ka je, kuma muddin zuriyarta na nan hanyar da ke tsakanin gidajenku ba ta yin ciyawa. Ba a faɗin wannan da baki lokacin bayarwa, don a wurinsu ko yaro ya sani. Wanda ya yanka irin wannan saniya kuwa ya shelanta wa duniya cewa ya yanke zumunci. Ya ƙara da abin da ya fi ƙona ni. Ashe uwar karsanar nan mahaifin Matiyas ya samo ta ne daga nasa aminin, kuma da Matiyas ya ce zai kawo mini ita, 'yan'uwansa sun yi masa dariya sun ce wa ya taɓa ba mahauci riƙon saniya. Shi ya tsaya ya ce ba su san ni ba.

Na ce to zan sayi wadda ta fi ta in biya shi. Bappa ya girgiza kai ya ce, “In ka biya, ka rufe ƙofa ke nan, kowa ya kama gabansa. Taka za ka kai masa riƙo. Ka sa wuyanka a hannunsa, in ya ga dama shi ma ya yanka.”

Na ji, amma ban yi ba. Girman kai rawanin tsiya, kullum sai in ce gobe. Ana cikin haka shekarun wahala suka shigo, auduga ta faɗi, aka fara manna takardar rage ma'aikata a ƙofa. Wata safiya na tarar da wani baƙon mutum a ɗaya gefen injin, aka ce sunan Matiyas ya fito, har ya kwashe iyalinsa ya koma Maga. Ko sallama ba mu yi ba. Ranar na koma gida na zauna a zaure ina kallon buhun dussa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Mahaifina bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya jiƙansa. Cewa ya yi in shirya, ranar kasuwa za mu Ngong.

A karon farko a rayuwarsa tsohon nan ya zaɓi saniya don ta rayu. Dillalan da suka san shi suna nuna masa masu kitse, shi kuwa yana durƙusawa yana duba hantsa, yana tambayar Fulani halin uwarta da kakarta, suna ta yi masa tsiya wai Sarkin Fawa zai buɗe ruga. Muka samu wata fara mai sanyin hali. Ya hana ni tafiya da ita nan take, ya ce sai na yi mako ina ba ta ci da sha da hannuna. Sannan na hau mota da ita, muka bi ta garin Gidar, muka wuce Marwa, har muka fara ganin koren shinkafa ba iyaka da doguwar madatsar ruwa, ƙamshin kifin da ake bandawa yana dukan hanci. Na sami Matiyas a ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin taru. Kafin in gama sallama 'yan'uwansa sun kewaye mu, dogaye duka, ba mai murmushi.

Bai tashi ba. Ya dubi karsanar, ya ce, “Biya ka zo yi?”

Na ce, “A'a. Tawa ce. Ta zauna a gidanka.”

Wansa ya faɗi wata magana da yarensu aka bushe da dariya, wani ya fassara mini cewa tambaya yake ko na baro wuƙar a gida. Ban baro ta ba, ɗan mahauta ba ya tafiya babu ita. Na zaro ta da kubenta na ajiye a gaban Matiyas a kan taru. Ya dubi wuƙar, ni kuwa na san in ya ce in koma da karsanar ba ni da ta cewa. Can ya ɗago ya tambaye ni me take son ci. Na ce harawar wake da ɗan kanwa a ruwa, kuma ba ta shan ruwa in ana tsaye a kanta. Sai ya miƙe ya karɓi igiyar da hannu biyu. Da zai wuce da ita garke ya waiwayo ya shafa ciki ya kalli sama, na gane an kusa kawo abinci.

Shekaru da yawa bayan haka, duk haihuwar da aka yi a zuriyar farar nan sai direban motar shinkafa ya tsaya a ƙofata da saƙo, in shirya in tafi da kilishi in dawo da kifi da man shanu. Shi ma yakan zo, ya kwana a zaurena. Daga baya hanya ta lalace, aka fara tare motoci, sannan fitinar da ta addabi arewa ta zo, tsufa kuma ya kama gwiwa. Aka ce ga wayar hannu ta sauƙaƙa komai. Mu ba ta yi mana amfani ba. Mutanen da suka ƙulla abota da ido da haɓa, in an haɗa su a waya, daga ina kwana ina gajiya sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. A wayar nan aka gaya mini ya rasu, ban samu zuwa ba.

Jikana yana aiki yanzu a wani wuri mai sanyin na'ura a cikin gari. Ya ce su ba ruwansu da asalin kowa, ba mai kiran wani Bangaro, kuma na yi murna da haka, don ban manta zafin bakin tabarma ba. Amma da na tambaye shi garin wanda suke zaune tebur ɗaya shekara biyu, bai sani ba. Da rana kowa yana cin abincinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan waya. Mu mun san asalin juna har ya yi yawa, mun yi wa juna gori da shi, mun ɓata wa juna rai saboda shi, amma wanda ya tsallako daga inuwarsa ya zo gare ka, ka san abin da ya bari a baya kafin ya iso.

Bayan damina ta ɗauke ne aka yi sallama a ƙofata. Wani dogon mutum ne, furfura ta fara fito masa, tsayuwarsa kaɗai ta gaya mini ɗan waye. Yana riƙe da igiya, a bayansa karsana ja mai farin goshi, a ƙasa kuma rabin buhun dussa. Ya ce uwarta daga zuriyar farar da na kai ce, ubanta kuma daga zuriyar uwar waccan ta farko, kuma mahaifinsa ya yi shekaru yana jiran a haifi mai wannan kama. An haife ta yana kwance, ya sa aka shigo da ita ɗaki ya gani. Ya miƙo mini igiyar da hannu biyu ya ce, “Baba, ya ce ta zauna a gidanka.”

Na karɓa. Da ya fara gaya mini abin da take son ci, sai na tsayar da shi, na sa aka kawo tabarma, na kira 'ya'yana biyu na zaunar da su, na ce ya faro daga farko a hankali. Ya faɗa, na sa ya maimaita.

Yanzu tana da ciki. Na gaya wa babban ɗana, wanda aka yanka waccan a ranar sunansa, cewa in ta haihu ba na nan, kada ya kuskura ya buga waya. Ya hau mota ya je Maga ya faɗa da bakinsa, kuma ya bar wuƙarsa a gida.